Yadda nake dasa tiren madabod a tsohon akwatin kwamfuta

Wani ɗalibi mai karatun zanen gine-gine a Samaru ya kawo mini tsohon akwatin kwamfuta shagona da ke wajen PZ, a Sabon Garin Zariya. A kan acaɓa ya ɗauko shi, ya rungume shi a cinya kamar buhun masara, da ya dire shi sai da bencin ya amsa. Na mahaifinsa ne, Allah ya jiƙan rai, da shi ya yi shekaru yana buga wa mutane takardu. Yaron ya tara kuɗi ya sayi sabon madabod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke hawa kansa (bod a taƙaice), da katin hoto mai sarrafa abin da ke fitowa a allo, don aikin zanensa, yana son a zuba su a wannan akwatin ba wani ba. Na ce masa, "Ƙanena, sabon akwati zai fi maka sauƙi." Ya ce, "Na sani, Oga. Wannan ɗin dai nake so." Ban sake ja da shi ba.

Ko ba don irin wannan dalili ba, tsofaffin akwatunan nan sun cancanci a cece su. Ƙarfensu mai kauri ne, ba irin na arha na yanzu da za ka danna da ɗan yatsa ya lotsa ba. Matsalarsu ɗaya: yawancin kwamfutocin ofis da ke shigo mana na hannu, kamfanonin da suka ƙera su sun yi musu tsarin ciki na kansu. Ramukan noti ba sa haɗuwa da na bod ɗin kasuwa, tagar baya, inda ramukan USB da sauransu ke leƙowa, a haɗe take da jikin akwatin ba ta cirewa, wasu ma maimakon ƙafafun tagulla da ke ɗaga bod kada ya taɓa ƙarfe, tudu ne aka dako a jikin ƙarfen. Wasu kuma na tsarin BTX ne, wanda Intel ya fito da shi a 2004 bai daɗe ba aka yi watsi da shi. Bod ɗin da ake sayarwa yau kusan duk suna bin tsarin ATX, shi ma na Intel, tun 1995. Cikakken ATX milimita 305 ne a 244, microATX 244 a 244, Mini-ITX kuma 170 a 170. Tunda ramukansu a ƙayyade suke, abin da ake yi shi ne a samo tire, wato farantin ƙarfen da bod ke kwanciya a kai, daga akwatin da ke bin tsarin, a dasa shi a cikin tsohon.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne: bangon baya ne ke da hukunci. Mutane sukan ɗauka aikin duk a kan ramukan tire yake, sai su yi ta awon ramuka, su ɗaure tiren tsaf, sannan su zo sa katin hoto su tarar ƙarfensa yana lilo a sama ko ya ƙi shiga gaba ɗaya. Tiren da bangon baya abu guda ne. Tazarar da ke tsakanin bod da tagar baya, da tsayin kafaɗar da ake ɗaure kati a kanta, an riga an daidaita su tun a masana'anta. Idan ka raba su, kai ne za ka sake nemo wannan daidaito da hannu, kuma milimita ɗaya da rabi ta isa ta ɓata maka aiki. Don haka idan za ka ciro tire, ciro shi tare da bangon bayansa, a haɗe kamar harafin L, kada ka taɓa ribit ɗin da ke tsakaninsu, wato ƙananan ƙusoshin da aka matse suka haɗa ƙarfen biyu.

Inda ake samo tiren

Ni wajen 'yan gwangwan nake zuwa, ko na duba tarin matattun akwatuna a shagunan abokan sana'a. Akwatin da fuskarsa ta fashe ko ƙofarsa ta ɓata ba ruwanka da wannan, tire da baya kawai kake so. Ɗora rular ƙarfe a kan tiren ta tsaye da ta kwance da ta kusurwa, ka leƙa ko haske na wucewa ta ƙasanta. Tiren da ya karkace ba ya miƙewa da guduma, bar shi. Duba haruffan da aka dako kusa da ramuka: yawanci A na nufin ATX, M na microATX, I na ITX. Ƙirga ƙofofin kati a baya, bakwai na cikakken ATX ne, huɗu na microATX. Kuma ka tafi da awon cikin tsohon akwatinka a rubuce a takarda, tsayi da zurfi da faɗi. Na akwatin yaron nan ya isa ya ɗauki cikakken ATX, amma bod ɗinsa microATX ne, sai na zaɓi baya mai ƙofa huɗu don in rage yawan yanka.

Akwatunan nan da ribit ake haɗa su, yawanci mai kaurin milimita 3.2. Bakin huda mai wannan kauri za ka sa a injin huda, ka ɗora shi a tsakiyar kan ribit ɗin, inda akwai ɗan rami dama, ka huda a hankali. Ba sai ka ratsa ba. Da zarar kan ya yanke za ka ga ya hau bakin hudar kamar zobe, sai ka tsaya, ka tura sauran da ƙusa ya faɗa ciki. Wani lokaci ribit ɗin yakan riƙa juyawa tare da injin ya ƙi yankewa. Idan haka ta faru, kama shi ta baya da filaya, ko ka ɗan karkata injin kaɗan. Abin da ba na so in ga ana yi shi ne a cusa sukundireba tsakanin ƙarfe biyu a ɓanɓara. Idan ya ƙi rabuwa, akwai ribit ɗin da ba ka gani ba, galibi a ƙarƙashin ƙafar roba ko bayan sitika. Nemo shi.

Kafin ka taɓa tsohon akwatin da wani abu mai yanka, kwashe komai da ke ciki. Komai. Akwatin wuta, wanda muke kira pawa fak, da fanka, da wayoyi, da fuskar roba ta gaba. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya da ya faɗa cikin pawa fak ya isa ya jawo tartsatsi. Shi pawa fak ɗin ajiye shi gefe kawai, kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga soket.

Yanka bangon tsohon akwati

Ɗauki kwali, irin na katon ɗin taliya ya wadatar, ka ɗora sabon bangon baya a kai ka zana kewayensa, ka yanke. Wannan kwalin za ka riƙa gwadawa a bayan tsohon akwatin har ka ga inda zai zauna. Amma kada ka yanka a kan layin kewayen. Ja wani layin a ciki, ka bar baki kamar milimita 12 zuwa 15 ta kowane gefe, don a kan wannan bakin ne sabon bango zai kwanta a ɗaure shi. Wanda ya yanke ramin daidai girman bangon ya rasa inda zai sa ribit. Ka kuma lura kada yankan ya ci lanƙwasar gefen akwatin, wurin da ƙofofi ke shiga, domin nan ne ƙarfin akwatin yake.

Liƙa salatif na takarda a wurin ka yi zanen a kansa, layin zai fi fitowa kuma fentin ba zai karce ba. Huda rami a kowace kusurwa huɗu tukuna, sannan ka haɗa su da yanka. Giranda mai siririn faifai na yi, amma tana da gaggawa, tana zafafa ƙarfe har fenti ya ƙone. Ni nakan yanka ɗan kaɗan in ɗaga, in bari ya huce, in tsaya nesa da layin da kamar milimita biyu, sauran in cinye shi da magagari. Zarton ƙarfe ma na yi idan kana da haƙuri, kuma ya fi biyayya. Sa tabarau. Na san zafi ake yi, na san gumi na rufe shi, amma na taɓa raka wani abokin sana'a a cire masa tsinin ƙarfe daga ido, ba na fatan in sake ganin haka. Bayan yanka bi bakin da magagari da sanfefa har ka iya shafa shi da yatsa ba fargaba, saboda wannan bakin ne zai yanke maka waya nan gaba idan ka bar shi da kaifi.

Akwatin yaron ta hannun dama ake buɗe shi, saɓanin akwatin ATX da aka saba, wanda idan kana fuskantarsa ƙofar hagu ake cirewa, bod kuma yana jingine a bangon dama. Wanda ya samu irin wannan kada ya damu. Tiren zai shiga a kife ne, ƙofofin kati su koma sama, farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta koma ƙasa. Bod ba ya damuwa da hakan, akwai ma akwatunan da da gangan ake ƙera su haka. Abin lura kawai shi ne wayoyin wuta su kai, musamman mai ƙafa 24 da mai ƙafa 8 ta farosesa, wadda ita ce ta fi yawan gazawa.

Zaman tiren

Nan ne aikin yake, kuma nan nake ɓata rabin yini ba na jin na yi asara.

Kada ka yi gwaji da sabon bod. Nemi mataccen bod mai girman naka, da mataccen katin hoto ko kowane tsohon kati mai cikakken ƙarfe, biyu ma sun fi. Kowane mai gyara yana da tarinsu. Ɗaura mataccen bod ɗin a kan tire da notinsa duka, sa kati ɗaya a ramin farko, ɗaya a na ƙarshe, ka ɗaure su a kafaɗar baya. Yanzu tire da bod da bango sun zama abu ɗaya mai ƙarfi, katunan sun riƙe kusurwar ba za ta buɗe ko ta rufe ba yayin da kake turawa da ja. A haka za ka shigar da shi cikin akwatin.

Abu uku nake dubawa kafin in kama injin huda. Na farko, nisan tiren da ƙofofin gefe biyu. Ta gaba, dole fankar farosesa ta samu wuri. Dogayen nan masu kama da hasumiya sukan kai milimita 150 zuwa 160, kuma daga saman farosesa ake awon, ba daga tire ba. Rufe ƙofar ka gani da idonka. Ta baya kuma ina son a bar kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, don wayoyi su bi ta nan, kuma gindin ƙafafun tagulla da ke leƙowa kada ya taɓa ƙofa. Idan akwatin siriri ne, fankar za ka fifita, wayoyin su bi ta gaba. Na biyu, wurin pawa fak. Na ATX faɗinsa milimita 150, tsayinsa 86, zurfinsa daga 140 zuwa sama. Sa shi a wurinsa a lokacin gwajin, kada ka ƙiyasta da ido, domin na sha ganin tire ya zauna lafiya amma bakin bod ya tokare pawa fak. Na uku, tsawon katin hoto. Kejin had dis, wato ma'ajiyar bayanai, da ke gaba yakan tare shi. A akwatin yaron sai da na cire ribit shida na fitar da rabin kejin.

Idan komai ya yi, matse shi. Ƙananan kilam, wato ƙarfen matsewa, biyu ko uku, ko filaya mai kullewa da ɗan kwali a bakinta don kada ta ci fenti. Sa sukwaya irin ta kafintoci a kusurwar tire da bango ka tabbatar ba ta buɗe ba. Sannan ka huda rami ɗaya tak, a kusurwar sama ta bangon baya. Buga wurin da ƙusa tukuna don bakin hudar kada ya zame, ka tokara katako ta baya, ka fara da siririn baki na milimita 2 kafin na 3.2. Sa ƙaramin bolti M3 da notinsa a ramin, ba ribit ba. Sake duba komai. Huda na biyu a kusurwar da ke fuskantar ta farko ta ƙasa, sa bolti, sake dubawa. Yanzu kwance notin katunan nan biyu, ka zare su ka mayar. Idan kati ya shiga raminsa har ƙasa, ƙarfensa ya kwanta a kafaɗa da kansa, ramin noti ya haɗu ba tare da ka ja ko ka danna ba, to ka samu. Sai a huda sauran.

Idan bai yi ba, katin da kansa zai gaya maka laifin. Ƙarfensa ya sauka a kafaɗa alhali haƙoransa na zinariya suna leƙowa ba su gama shiga ba, to bod ya yi ƙasa da yawa. Katin ya shiga duka amma ƙarfensa na rataye sama da kafaɗa, bod ya yi sama. Wannan na biyun ya fi haɗari, don mutum zai ɗaure notin da ƙarfi ya ga kamar ya zauna, alhali ɗaya ƙarshen katin ya ɗago daga raminsa. Kwamfutar za ta yi aiki yau, gobe ta ƙi nuna hoto, a yi ta zargin kati ko RAM. Duba kuma harshen ƙarfen kati na ƙasa, wanda ke shiga tsakanin bakin bod da bango. Dole ya samu ramin da zai faɗa. Idan wani ƙarfe na tsohon akwatin ya tare wurin, katin ba zai taɓa zama ba ko da awonka daidai ne.

Ba bangon baya kaɗai zai riƙe tiren ba. Gabansa idan an bar shi yana reto, duk sanda aka danna RAM ko wayar wuta mai ƙafa 24 sai ya lanƙwasa, bod ya lanƙwasa tare da shi. Nakan je wajen masu haɗa tagogin alminiyam a Tudun Wada in karɓi guntayen angul da suka rage musu, in yanka biyu, ɗaya ya haɗa tiren da rufin akwatin, ɗaya da ƙasansa. A wajensu kuma nake aron injin ribit kafin in sayi nawa. Idan ka gamsu da zaman komai, cire boltin ɗaya bayan ɗaya kana maye gurbinsa da ribit, kan ribit ɗin ta waje. Kada ka cire su duka a lokaci guda. Ni nakan bar na angul ɗin a bolti, saboda wata rana za a so fitar da tiren.

Za a ba ka shawarar ka kai wa mai walda ya ɗiga maka. Kada ka kai. Ba don masu waldarmu ba su iya aiki ba, ƙofofi da tagogin garin nan shaida ne. Ƙarfen tire bai kai milimita ɗaya ba, wutar walda ta ƙofa hudawa take yi, inda ba ta huda ba kuma zafi ya karkatar da shi, duk awon da ka yi ya tashi a banza. Ga shi yawancinsa an shafe shi da zinki, hayaƙinsa ba shi da kyau ga ƙirji.

Idan tiren ya zo ba bango

Wani lokaci dole ce ke sa a yi amfani da tire shi kaɗai, ko a yanko farantin alminiyam a yi sabo. Yana yiwuwa, sai dai aiki ne ninki biyu. Tagar baya da murfin bod ke shiga milimita 158.75 ce a 44.45, tazarar ƙofar kati zuwa ta kusa da ita 20.32, ƙafar tagulla kuma tsayinta wajen 6.35, wato rubu'in inci. Amma ko da waɗannan alƙaluma a hannunka, ta baya za ka fara. Yanka tagar da ƙofofin, ɗaure katunan biyu a kafaɗa suna riƙe da mataccen bod, ka bar bod ɗin ya nuna maka inda tire zai zauna. Sannan ka sa bakin alƙalamin maka ta ramukan bod ka ɗiga alama, ka cire bod, ka huda. Kada a huda ta cikin ramin bod, ko matacce ne, don bakin hudar zai faɗaɗa ramin ya ɓata maka ma'auni. Gindin ƙafar tagulla yawanci zaren 6-32 ne, idan za ka yi masa zare ramin milimita 2.7 ake hudawa, na M3 kuma 2.5. A siririn ƙarfe zaren ba ya daɗewa, gara ka huda ya ɗan sake ka kama ƙafar da noti ta baya. Hakan ma yana ba ka damar gusar da ita kaɗan idan alamar ta kauce.

Shara, fenti, da ƙirga ƙafafu

Bayan an gama huda, fitar da mataccen bod, ka kife akwatin ka bubbuga shi, ka bi lungunansa da buroshi. Nakan sa maganaɗisun tsohuwar sifika a cikin leda in bi da shi ko'ina, in juya ledar in zubar. Ka tuna ɓarɓashin alminiyam ba ya bin maganaɗisu, shi sai tsumma mai ɗan danshi da iskar bulowa. Bakin da aka yanka yana son ɗan fenti, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ya fara tsatsa. Amma inda tire ya haɗu da jikin akwati, da inda notin pawa fak ke kamawa, kankare fentin ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Sa mitar gwada wuta a wurin da take ƙara idan tsinkenta biyu suka haɗu, tsinke ɗaya a ƙafar tagulla, ɗaya a ramin notin pawa fak. Idan ta yi ƙara, jikin a haɗe yake. Wannan bai maye gurbin wayar ƙasa ta gida ba. Gidaje da shaguna da yawa a nan ba su da ita, ko kuma ana amfani da ekstenshan mai ƙafa biyu, shi ya sa za ka taɓa bayan kwamfuta ka ji tana ɗan ja. Wannan aikin mai wayarin ne, kuma ya kamata a yi shi.

Yanzu ƙafafun tagulla. A farkon shigata wannan sana'a na ɗora bod microATX a tiren da aka ciro cikakken ATX daga kansa, ban ƙirga ƙafafun ba. Ɗaya ta rage a inda bod ɗin ba shi da rami, tana tokare da dalmar ƙasansa. Na kunna, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, bod ɗin bai sake tashi ba. Na wani malamin makaranta ne da ya yi watanni yana tara kuɗinsa. Na biya, amma har yau ina tuna yadda ya tsaya shiru a ƙofar shago. Tun daga ranar, ƙirga ramukan bod nake yi, in ƙirga ƙafafun da ke kan tire, in ƙirga notin da ke tafin hannuna, dole uku su zo ɗaya. Cikakken ATX yakan ci tara, ƙananan microATX na kasuwa da yawa shida. Idan ka gama ɗaurewa noti ya ragu a hannunka, akwai ƙafar da ke ɓoye a ƙarƙashi, ɗaga bod ɗin. Idan tsohon akwatin yana da tudun nan da aka dako kuma wani ya rage a bayan bod, a yanke shi ko a daddale shi.

Murfin tagar baya ake fara sawa, daga ciki, a danna kusurwoyinsa huɗu har su yi ƙas. Sababbin bod da yawa da nasu a manne suke zuwa. Shigar da bod a karkace, ramukan USB su fara leƙa taga, sannan a kwantar. Leƙa ta waje ka tabbatar ƙananan harsunan murfin sun kwanta a saman ramukan, ba su shige cikin ramin USB ko na intanet ba. Noti iri biyu ne ke yawo a akwatin kwamfuta, 6-32 mai manyan zare da M3 mai ƙanana, kuma sun yi kama. Gwada noti a ƙafar da hannu kafin ka ɗora bod. Idan ya yi tauri tun juyin farko, ba nasa ba ne. Sa duka a sake tukuna, sannan ka bi su kana ɗaurewa, da zarar ya tsaya ka tsaya. Idan lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Janairu da iska ke bushewa har riga na tartsatsi, taɓa jikin ƙarfen akwati kafin ka ɗauki bod ko RAM, ka riƙe su ta gefe, ka cire rigar sanyi ta ulu.

Wayoyin fuskar gaba na tsohon akwatin kusan kullum a dunƙule suke a kai ɗaya da ba ya shiga sabon bod. Makunnin ba wuya: sa mita a kan wayoyi biyu-biyu kana danna maɓallin, waɗanda suka yi ƙara lokacin da ka danna su ne nasa. Yanke su ka haɗa da kan waya mai rami biyu daga akwatin da ka ciro tire. Makunni ba ruwansa da wace waya ce ta dama ko ta hagu, amma ƙananan fitilu da ruwansu, idan ba su kama ba juya kan. USB na gaba kuwa, idan ba ka tabbatar da kowace waya ba, bar shi a cire. Wuta bolt 5 ce ke bin jar waya, idan ta koma inda ba nata ba filashin mutum ne zai ƙone da aikinsa a ciki.

Saura abu ɗaya kafin a sa a soket. Tsofaffin pawa fak, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, suna da ɗan jan makunni a baya mai bolt 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Idan yana kan 115 ka sa a wuta, ƙara ɗaya za ka ji. Na yaron nan ma ban yi amfani da tsohon ba, bai da ƙarfin ɗaukar katin hotonsa, kuma kan wayarsa ba na ATX ba ne.

Ranar da ya zo karɓa, bayan la'asar ne, wuta ta dawo ke nan. Na riga na sa fanka mai milimita 120 a gaba, na yanka guntun gidan sauro na tare mata ƙura, abin da duk mai kwamfuta a Zariya ya kamata ya yi. Na ce shi zai danna. Ya sa yatsa a kan tsohon maɓallin, wanda tsakiyarsa ta goge ta yi santsi saboda yawan dannawa, koriyar fitilar ta kama, fanka ta tashi, rubutu ya bayyana a allo. Ya daɗe yana kallon fitilar. A gefen ƙofar akwai wata tsohuwar sitika da mahaifinsa ya rubuta lambar shagonsa da biro, da na zo fenti na rufe ta da salatif na kewaye ta. Ya shafa ta ya ce, "Oga, ashe ka bar ta."

Na ce ya dawo da kwamfutar bayan hunturu in busa mata ƙura in sake duba boltin angul. Wannan karon ban bari ya hau acaɓa da ita ba, Keke Napep na tsayar masa, muka kwantar da ita a kujerar baya ta gefen da bod yake ƙasa, don nauyin katin hoto kada ya riƙa jan raminsa a hanyar Samaru.